Hanyar Jirgin Dakar zuwa Bamako a Littafin Sembene Usman

A cikin ƙagaggun labaran da aka gina a kan hanyar jirgin ƙasa a Afirka, da wuya a sami wanda ya kai littafin Sembene Usman na Senegal, Les bouts de bois de Dieu, wanda ya fito da Faransanci a 1960. Sunan ya samo asali ne daga al'adar ƙin ƙirga mutane don gudun baki, sai a kira su itatuwan Allah. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda marubucin ya mai da dogo ƙashin bayan labarinsa, da kuma inda ya gaza.

Faransawa sun kammala wannan hanya a 1924. Ta taso daga Dakar a bakin teku, ta ratsa Tiyes da Kayes da Bamako, ta tuƙe a Kulikoro a gaɓar kogin Kwara, tafiyar da ta haura kilomita 1,200. Ba don zumunci aka shimfiɗa ta ba, sai don kwashe gyaɗa da sauran amfanin ƙasa zuwa tashar jiragen ruwa. A watan Oktoba na 1947 ma'aikatanta baƙaƙen fata suka shiga yajin aiki, suna neman a daidaita su da Turawa a albashi da alawus na iyali, ba su koma ba sai Maris na 1948. Wannan yajin shi ne jigon littafin.

Gwanintar Sembene ta fi fitowa a wajen zubi. Ya kasa labarin a garuruwa uku, Bamako da Tiyes da Dakar, yana kai da kawo a tsakaninsu kamar yadda jirgin kansa yake yi. Ta haka mai karatu yake gane cewa dogon da aka yi don tatsar ƙasa shi ne ya haɗa kan Bambara da Wolof. Batun harshe ma bai kuɓuce masa ba. Tsohuwa Niyakoro tana tsawata wa jikarta saboda cusa Faransanci a cikin magana, alhali ɗanta Bakayoko, direban jirgi, yana sarrafa harsunan hanyar da na masu mulki a matsayin makami. Haka kuma yunwa ce ta fito da mata irin su Ramatulayi da Penda daga ɗaki zuwa fagen gwagwarmaya.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙar. Na farko, tattakin da mata suka yi daga Tiyes zuwa Dakar, inda aka harbe Penda, ƙirƙirar marubuci ce, masana tarihi ba su sami shaidarsa ba. Wannan ba laifi ba ne ga mai ƙaga labari, laifin yana ga malamin da ya karantar da shi a matsayin tarihi. Na biyu, yajin ya shafi hanyoyin Gini da Kwaddibuwa da Dahomi, amma littafin bai ba su muhimmanci ba. Na uku, kuma mafi girma, ƙasar da ke tsakanin tasha da tasha kusan babu ita. Manomin da gyaɗarsa ke cika taragu ba a jin muryarsa. Shi kuwa Bakayoko an ɗaukaka shi har ya fi kama da aƙida bisa ga mutum mai jini da tsoka.

Abin takaici shi ne, a shekarar da littafin ya fito Tarayyar Mali ta wargaje, aka datse hanyar tsakanin Senegal da Mali har 1963. Ashe haɗin kan da ma'aikata suka ƙulla, 'yan siyasa ba su iya riƙe shi ba. Wannan bai rage darajar littafin ba, ƙara masa nauyi ya yi. Ya cancanci a fassara shi da Hausa, domin jama'ar da jirgi ya iso musu Kano tun 1911 ba baƙi ba ne ga irin wannan labari.