Tashe, Wasan Gauta da Sakacin Manya

Bahaushe bai taɓa rasa hanyar gaya wa babba gaskiya ba, sai dai yakan naɗe ta cikin raha. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida kan yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi takunsu da yadda suke yanke hukunci, sarkin yana zaune yana kallon halinsa. A karkara akwai kalankuwa bayan kaka, samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Tashe kuwa, wanda ake farawa idan azumi ya kwana goma, duk wanda ya tashi a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san shi: yaro ya liƙa gemun auduga, ya naɗa tsumma a ka, ya zama malam ko tsoho, gida ya cika da dariya, a ba shi hatsi ko 'yan kuɗi.

Ina ƙaunar waɗannan wasanni, amma ya kamata a faɗi iyakarsu. Halin mutum ɗaya suke yi wa ba'a: marowaci, makwaɗaici, gwauro, malamin da aikinsa ya saɓa wa wa'azinsa. Kuma izinin na 'yan kwanaki ne. A tashe, da an ga watan Sallah, kowa ya koma mazauninsa. Ba su saba tara manya gaba ɗaya su tuhume su da laifin zaman banza alhali gari na shirin cin wuta ba.

Turawa sun yi irin wannan. A 1919 George Bernard Shaw ya fitar da Heartbreak House, wasan da ya tara masu hali na Ingila a wani gidan ƙauye da aka gina da siffar jirgin ruwa. Masu ilimi ne, masu daɗin baki, ba abin da ke gabansu sai soyayya da auren kuɗi, babu mai riƙe da akalar komai. A ƙarshe jiragen yaƙi suka yi ruwan bama-bamai, mutum biyu suka mutu, wasu cikin waɗanda suka tsira har fata suke a dawo gobe, don sun samu abin da ya motsa musu jini. A Faransa ma Jean Renoir ya fitar da fim ɗinsa La Règle du jeu a Yulin 1939, kan attajirai masu farauta da shagali, saura makonni Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. 'Yan kallo suka fusata, hukuma ta hana nuna shi.

A wajenmu Malam Aminu Kano ne ya fara kusantar wannan tun yana matashi, da wasannin da ya riƙa zungurar zaluncin ma'aikatan En'e da su. Shu'aibu Maƙarfi ya dubi rikicewar tarbiyya a Zamanin Nan Namu, Umaru Ɗanjuma Katsina ya fito da alhaji mai lalata 'yan makaranta a Kulɓa Na Ɓarna. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya taɓo 'yan siyasa sosai. Duk da haka babban mutum a wasanninmu mugu ne mai aikata ɓarna da hannunsa. Wanda bai yi komai ba, kuma rashin yinsa ya jawo asarar rayuka, har yanzu bai samu wanda zai zana shi da kyau ba.

Ga shi kuwa abin rubutawa na nan jibge. A Maris na 2014 'yan bindiga suka karkashe mutane masu ɗimbin yawa a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, a makon da Shugaba Jonathan ya kai ziyara Katsina. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, Shugaba Buhari yana Daura. Kafin nan an ɗebi shekaru ana satar shanu ana cewa rikicin ƙauye ne, bukukuwa da naɗe-naɗen sarauta ba su fasa ba, masu hali suka kwashe iyalansu zuwa Katsina da Kaduna da Abuja.

Marubucin da zai ɗauki wannan kada ya kwafi Shaw, domin akwai bambanci mai nauyi. A can bam ɗin a harabar gidan masu hutun ya faɗa. A nan manomi ne ya bar gonarsa ta zama saura, shi ne ya sayar da shanun huɗa don biyan kuɗin fansa. Saboda haka falo kaɗai ba zai isa dandali ba, dole a haɗa da bakin ƙofa: ciki ana gardamar ankon biki da kujerar Makka, waje maigadi ɗan wani ƙauyen Sabuwa yana ta neman layin gida bai samu ba, kamar yadda ta faru a Satumban 2021 da aka katse sadarwa a yankin. Kayan aikin ma ba sai an aro ba. Kwaikwayon murya da taku irin na wasan gauta ya isa ya fito da Alhaji da Hajiya, 'yan tashe su shigo tsakar gidan su yi musu wasan kansu, masu gidan su yi dariya su ba da tukuici ba tare da sun gane da su ake ba.