OkadaBooks (2013-2023): bunƙasa da iyakarta

Kamfanin OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a Nijeriya a 2013, ya ari sunansa daga okada, wato kabu-kabu a wurinmu: littafi ya isa wayar mai karatu ba jiran maɗaba'a. Marubutan labaran Hausa sun amfana da wannan sauƙi. Sai dai, a ganinmu, saurin ya tsallake matakin tacewa: a rubutun waya ƙugiya takan ɓace, har «ƙasa» da «kasa» su zama ɗaya. Rufewar kamfanin a Nuwamba 2023 ta bayyana rauni na biyu: littafin takarda yakan saura bayan mutuwar maɗaba'arsa, na waya kuwa ransa yana hannun kamfani. Adana irin waɗannan matani domin nazari ya rataya a wuyan sassanmu.