Gwanintar Soya Kaza Tsakanin Magariba da Isha'i

Soya kaza cikin gaggawa gwaninta ce da matan Gusau, Tsafe da Bunguɗu suka iya ƙwarai, musamman ma'aikata da malaman makaranta da ke dawowa gida a gajiye. Aikin yana farawa daga zaɓen kaza. Ta gida ta fi ɗanɗano amma tana da tauri, sai an tafasa ta tukuna. Ta gidan gona kuwa nan da nan take nuna, ita ce ta ranar aiki.

A wajen wuƙa ake gane gwana. Tana zare tsoka daga ƙashi, ta yanka ƙanana kuma daidai da juna, don kada wani ya ƙone wani na ɗanye. Sai ta cuɗa da dakakkiyar citta, tafarnuwa, masoro da gishiri. Man gyaɗa, wanda ƙasar Zamfara ta daɗe da saninsa, dole ya yi zafi sosai kafin nama ya shiga, kuma ba a cika kasko, domin naman zai saki ruwa ya koma dahuwa. Albasa, attaruhu da lawashi su ne na ƙarshe.

Girkin da gidajen abincin Sinawa a Amurka ke kira kazar Mongoliya haka yake tafiya, sai dai da miyar waken suya da sukari. A Zamfara kuwa daddawa ce ke ba da wannan zurfin ɗanɗano, kuma kazar ta fi dacewa da shinkafa ko dafa-duka.