Kogunan da Iska ke Korawa a Cikin Teku: Bitar Littafin Rachel Carson

A 1951 ne Rachel Carson, ma'aikaciya a hukumar kula da kifaye da namun daji ta gwamnatin Amurka, ta fitar da littafinta kan teku mai suna The Sea Around Us. Ya yi mako 86 a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, ya kuma ci babbar kyautar littafi ta ƙasar a 1952. Ta taɓo asalin teku da tsibirai da duhun ƙarƙashin ruwa, amma babin da ya fi kama ni shi ne wanda ta yi kan yadda iska da rana da juyawar duniya suke haɗuwa su kora ruwan saman teku, har ya zama manyan koguna marasa gaɓa.

Gwanintarta a nan ita ce ba ta cika wa mai karatu kai da sunaye. Sai ta nuna maka abin yana faruwa, ka gane dalilinsa, sannan ta gaya maka yadda ake kiransa. Iskokin da ke kaɗawa daga gabas a kusa da ikwaita suna tura ruwan Atlantika yamma. Ruwan ya taru a gaɓar nahiyar Amurka, ya rasa wurin zuwa, sai ya kutsa ta matsatsin da ke tsakanin Florida da tsibiran Bahamas ya nufi arewa. Juyawar duniya kuma tana karkatar da duk abin da ke tafiya zuwa dama a arewacin ikwaita, zuwa hagu a kudancinta. Ruwan nan da ya nufi arewa shi ake kira Gulf Stream.

Ta kuma san daɗin labari. Wajen 1769, Benjamin Franklin yana cikin shugabannin gidan waya na yankunan da Ingila ke mulka a Amurka, aka kawo ƙorafin cewa jiragen wasiƙu daga Ingila suna ƙara kusan mako 2 a kan jiragen 'yan kasuwa. Ɗan uwansa Timothy Folger, matuƙin jirgi daga tsibirin Nantucket inda ake farautar manyan kifayen wel, ya warware masa: matuƙan Ingila suna ta kokawa da ruwan Gulf Stream mai gudu gabas, masuntan wel da matuƙan jiragen 'yan kasuwa kuwa sun san iyakarsa, suna tsallake shi. Aka zana taswira, matuƙan suka raina ta saboda daga bakin masunta ta fito. Carson ta ba waɗannan masunta haƙƙinsu. Masuntan Peru ma su ne suka raɗa wa ruwan ɗumin da ke zuwa musu wajen Kirsimeti suna El Niño tun kafin masana su waiwayo kansa.

Inda ta fi burge ni shi ne bayanin ɓuɓɓugowar ruwan ƙasa. Idan ka hura koko mai zafi a kwano, na sama yana matsawa gaba, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa. Haka iska ke janye ruwan saman daga gaɓar Peru, sai ruwa mai sanyi, cike da sinadaran da ƙananan tsirran teku ke ci, ya taso. Tsirran su ciyar da ƙananan kifaye, kifayen su ciyar da miliyoyin tsuntsaye, kashin tsuntsayen ya zama takin da Peru ta daɗe tana sayar wa duniya. Wannan ɓuɓɓugowar ce ke faruwa a gaɓar Maroko da Muritaniya da Senegal, kuma kifin gwangwanin Maroko da ake saye a shagunanmu daga irin wannan ruwa yake fitowa.

Sai dai sauƙin harshenta yana da iyaka. Ɗalibin da zai zurfafa dole ya haɗu da sunayen da masana ke magana da su, kuma kowannensu yana ɗauke da lissafin da littafin bai shiga ba. Karkatar nan ta dama da hagu sunan Coriolis take amsawa, Bafaranshen da ya yi lissafinta a 1835. Fridtjof Nansen, a tafiyar jirginsa Fram tsakanin 1893 da 1896, ya lura ƙanƙara ba ta bin iska kai tsaye, tana zamewa dama da ita. Ekman ɗan Sweden ya fitar da dalilin a 1905, ya nuna cewa idan aka haɗa motsin ruwan saman gaba ɗaya, gefe yake tafiya, ba inda iskar ta dosa ba. Wannan ne asirin da ya sa iskar da ke bin gefen gaɓa take iya janye ruwa zuwa tsakiyar teku. Akwai kuma ma'aunin sverdrup, wato kubik mita miliyan 1 na ruwa a kowace daƙiƙa. Gulf Stream yana wucewa ta Florida da kusan 30, alhali kogunan duniya duka, har da Amazon da Kwara, da kaɗan suka haura 1.

Shekaru ma sun taɓa wasu shafukan. Hasashen da ta kawo cewa wata ya ɓalle ne daga inda tekun Fasifik yake yanzu, masana sun daɗe da ajiye shi. El Niño nata lamari ne na gaɓar Peru, don sai a 1969 Jacob Bjerknes ya nuna yadda yake ɗaure da iskokin Fasifik baki ɗaya, kuma daga baya aka ga hannunsa a ƙarancin damina har a yankin Sahel. Babin kwararar ruwan kuwa yana nan da ƙarfinsa, kuma malamin labarin ƙasa na sakandare zai iya ɗaukar tsarinsa yadda yake ya koyar da yaran da ba su taɓa ganin teku ba.