Sanɗa da Jarunta: Sharhi a kan Wasan Metal Gear Solid

Wasan kwamfuta na Metal Gear Solid, wanda Hideo Kojima ya tsara, kamfanin Konami ya fitar a 1998, an gina shi ne bisa sanɗa. Duk wanda ya tunkari dakaru gaba-gaɗi, halaka zai yi. Mai son tsira sai ya laɓe, ya nazarci zagayen mai gadi, ya ƙwanƙwasa bango domin ya karkatar da shi, ko ya shige cikin kwali har hatsari ya wuce.

Ga manazarci a birnin Sakkwato, wannan tsari ya saɓa wa jaruntar da Ɗan Anace ya waƙe Shago da ita, inda ɓuya abin kunya ne. Ya fi kusa da duniyar waƙoƙin Gambo na ɓarayi, sai dai babu layar zana ko baduhu. Haƙuri da lura ne makaman ɗan wasa.

Raunin wasan shi ne saurin mantuwar masu gadi: da ƙararrawa ta lafa, sai su koma zagayensu kamar ba a yi kome ba. Nasara a kan abokin gāba mai mantuwa kuwa ba ta cika auna wayo ba.