Sharhi a kan Littattafai Biyu na Tarihin Magani a Ƙasar Hausa da Bukatar Yankin Gure

Manufar wannan sharhi ita ce a auna littattafai biyu da manazarta ke dogara da su game da tarihin magani a ƙasar Hausa, sa'an nan a duba ko za su wadatar da mai tsara littafin yaƙi da jahilci domin yanki irin na Gure, a jihar Damagaram.

Na farko shi ne Hausa Medicine na L. Lewis Wall, wanda aka buga a 1988. Marubucin ya yi bincikensa a karkarar Malumfashi, ya saurari masu magani da bakinsu. Ƙarfin littafin yana wajen kalmomi, musamman yadda ya warware ma'anar "lafiya", wadda ta haɗa jiki da zaman gida da zaman gari. Rauninsa kuwa shi ne hoton zamani ɗaya ne da wuri ɗaya, watau ya fi kusa da nazarin al'ada bisa ga tarihi.

Na biyu shi ne Islam, Medicine, and Practitioners in Northern Nigeria na Ismail H. Abdalla, na 1997. Shi ya bi rubuce-rubucen Larabci, irin na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Malam Muhammadu Tukur, ya nuna cewa ɗibbun Nabiyyi ya fi tasiri a nan bisa ga tafarkin su Ibn Sina. Wannan gudummawa ce babba. Sai dai wanda ya bi sawun alƙalami malamai zai tarar, alhali wanzami da maɗori da ungozoma ba su bar takarda ba.

Aibin da ya haɗa su biyu ne: an rubuta su cikin Ingilishi, kuma fagensu Nijeriya ta Arewa ne. Ƙasar Muniyo, wadda Heinrich Barth ya ziyarci birninta Gure a 1852, tana wajen wannan fage. Misalai biyu za su nuna abin da mai karatunmu ke bukata.

Na ɗaya, agana. An saba fara labarin rigakafi daga Edward Jenner na Ingila a 1796. Amma Eugenia Herbert ta tattara hujjoji a 1975 cewa tun kafin mulkin mallaka mutanen Afirka ta Yamma na ɗibar ruwan ƙurjin agana su sa wa mai lafiya a ƴar tsaga. Wani bawa ɗan Afirka, Onesimus, shi ya bayyana wa Cotton Mather wannan dabara a Boston. Da annoba ta faɗa wa birnin a 1721, wajen kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka kamu sun mutu, waɗanda aka yi wa tsaga kuwa wajen kashi 2 ne. Duk da haka wanda aka yi wa tsagar yana iya harbin wasu, shi ya sa hanyar Jenner ta fi ta, kuma a kanta aka ɗora aikin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewar agana a 1980. Magidancin da ya karanta wannan zai gane rigakafi yana da asali a gidansu. Dakatar da allurar shan-inna a Kano a 2003 ta nuna ɓarnar da ke biyo baya idan jama'a suka ɗauke shi baƙo.

Na biyu, kanwa. Paul Lovejoy ya bayyana a 1986 yadda kanwar Muniyo da Mangari ke cika kasuwannin Hausa, ana sha domin magani. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka gano a Zariya cewa yawan ciwon zuciya ga masu jego yana da alaƙa da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya bisa gadon wuta, domin gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zuciya ta kasa ɗaukar nauyin. Ke nan gargajiya ta yi daidai a misalin farko, ta yi kuskure a na biyu. Littafin da ya yabe ta ɗungurungum, ko ya kushe ta ɗungurungum, ya cuci mai jego.

Saboda haka muna ba da shawara uku. A naɗi maganganun tsofaffin wanzamai da ungozomomi na Gure tun suna raye. A jera sunayen cututtuka cikin Hausar Damagaram gefe da gefe da Mangaranci da Fulatanci da Tubanci, tun da yake duk ana jin su a kasuwar garin. Sa'an nan a rubuta ɗan littafi mai sauƙi da zai ambaci Onesimus tare da Jenner, ya faɗi amfanin kanwa tare da haɗarinta. Wall da Abdalla sun share fili. Shuka ta rage gare mu.