3.4 Matsalar Rarraba Wasannin Gargajiya na Birnin Gwari

Manazarta sun saba kasa wasannin gargajiya gida biyu, wato na maza da na mata, sannan su zuba su duka a ƙarƙashin wasan kwaikwayo. Wannan tsari yana da rauni. Tashe, wanda yara ke yi a watan azumi, kwaikwayo ne ba shakka. To amma dara fa? Gurabe 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, babu wanda ake kwaikwaya. Lissafi ne tsantsa. Langa kuwa gwajin ƙarfi ce. Ga shi kuma hare-haren 'yan bindiga sun watsa dandalin ƙauyuka da dama na dajin Birnin Gwari, saboda haka gyaran kuskuren zai yi wuya nan gaba. Wannan nazari ya rarraba wasannin ne bisa dokokinsu.